Ranar da Aka Kore Bunajin Baba Jauro

Da safen ranar na tatsi shanu kamar kullum. Kaka ce, an gama yankan dawa, lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna. Rugarmu tana tsakanin Ruwan Godiya da Mairuwa. Shanunmu Bunaji ne, farare masu baƙin kunne. Surukina, Baba Jauro, yakan ce kakansa ya taho da irinsu daga yamma, ba a taɓa gauraya su da jajaye ba. Nononsu muke sha, shi nake kaiwa talla. Bijiman da suka ƙosa, mahauta ke zuwa saye.

Mijina da sauran maza sun tafi cin kasuwar Ƙanƙara. Daga mu mata sai tsoho.

Da hantsi baƙi biyu suka tsaya neman ruwa. Suna sha, idonsu na kan garke. Ɗaya ya tambayi inda maza suke. Baba ya ce suna nan bakin rafi. Da suka wuce, ya ce in goya ɗiyata, kada in sauke ta.

Azahar ta gota. Karnuka suka yi ta haushi, sannan suka yi tsit. Sai ƙarar bindiga daga cikin karan dawa. Sai ta biyu. Hayaƙi ya tashi daga bukkar ƙarshe. Ɓarayin shanu ne.

"Ku bi rafi, kada ku waiwaya!" in ji Baba.

Muka gangara kwari. Ƙaya ta tsaga mini ƙafa, ban ji ba. A bayanmu muryarsa ta tashi, yana kiran shanun da sunayensu. Bunaji ba su bin baƙo muddin mai su na kira. Na ji rugugin kofato ya juya wajensa. Ɓarayin ma sun gane. Wani ya daka tsawa: "Ku rufe bakin tsohon nan!"

Kiran ya yanke a tsakiyar suna.

La'asar ta same mu cikin daji. Muka yi ta tafiya. Da magariba muka shiga Mairuwa, wata tsohuwa ta buɗe mana ɗakinta.

Washegari maza suka koma da 'yan doka. Sun sami Baba bakin shinge ba rai, sandarsa a hannu. Nan aka binne shi. An bi sawun garken har wajen Sabuwa, ya ɓace a kan duwatsu.

Maruƙa huɗu aka bari ɗaure a dangwali, suna kukan iyayensu. Na riƙa ɗura musu kunun dawa da ludayi. Biyu suka rayu.