Kifin da muka mayar teku

Kifi ɗaya tak muka kama duk yinin. Baturen da muka ɗauka ya kai mu su a teku ya auna shi, ya ce bai kai girman da doka ta yarda ba. A yi hoto, a mayar.

Abokina Alhaji Sule, mutumin Kumasi, ya ce, "Malam, faɗa masa Hajiya ta riga ta jajjaga attaruhu a gida, can unguwarmu Sparkbrook, baƙi na jira!"

Na ce, "Alhaji, ni ma haka ƙasar Turawan nan ta yi mini. Ta ɗauke ni hoto da rigar digiri, ta jefa ni tuƙin taksi."

Na saki kifin. Shi dai gida ya koma.

Ku da kuka daɗe a nan, kuna sa ran komawa kuwa?