Zane uku na Ya Ari

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Ya Ari, makaniken babur a nan Diffa. Bana rashinsa ya fi yi mini ciwo, kuma ni na ja wa kaina.

Lokacin da aka hana hawan babur saboda rashin tsaro, abokan sana'arsa suka watse. Shi kuwa sai ya bi gari yana kwaso matattun babura. Ya kwance, ya wanke da kananzir, ya shafe da baƙin mai. Duk abin da ya gwada ya ga da sauran rai, sai ya yi masa zane uku da magagari, ya jefa a buhun tattasai. Ni ne kan gaba wajen yi masa tsiya.

"Ya Ari, wa zai hau wannan tarkace?"

"Za a hau, Bukar," in ji shi. "Ran nan kuma ba lalle hanyar Damasak ta kawo kayan gyara daga Najeriya ba."

Bayan an yi arba'in ɗinsa na so ɗakin da ya tara buhunan don ajiyar tattasai. Matarsa, Ya Falmata, ta roƙe ni in bar ko buhu guda. Na ƙi. Na kira masu sayen tsohon ƙarfe suka auna a kilo, har ina murna na share datti.

To, babura sun dawo, kayan gyara ne babu. Bana karbiraton babur ɗina ya mutu. Da babur ɗin nake kai wa injin ban ruwa mai, can gonata a bakin kogin Komadugu. Sati uku ina zagayen shaguna, kowa na cewa kaya na hanya, tattasaina na zubar da fure. Da yana raye, na san ba zai ce mini komai ba. Buhu kawai zai kwance, shirun nan kuma ya fi zagi zafi.

A ƙarshe wani makanike ya tono mini tsohon karbirato a kwandon wani ɗan kasuwa. Da ya goge shi, sai ga zane uku. Bugu ɗaya babur ya tashi. Rabin gonar ya tsira.

Ya Ari bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari ni na watsar, ga shi kuma har yau yana tayar da babura a garin nan. Allah Ya jiƙansa.

Ranar da aka samo karbiraton, makaniken ya juya ƙarfen a hannu ya ce, "Wanda ya adana wannan ya san aiki. Da saura?"

Na ce, "Ɗaki guda ne cike. Ni na sayar."