Tumatir a Randar Inna

Shekarar da ayarin Abzinawa ya sauka kusa da rijiyarmu ta Dakoro, ita ce shekarar da mijina ya zama masanin lambu. Madugun ayarin ya ba shi miyar busasshen tumatir ya lasa, ya kuma ƙulle masa ɗan iri a ƙyalle. Shi ke nan, mutumin da bai taɓa rainon komai ba sai mai ƙafa huɗu ya dawo yana ba mu labarin lambunan Abzin kamar a can aka yanke masa cibiya.

Ƙasarmu rairayi ce, kana zuba ruwa tana shanyewa. Don haka ya tattaro fasassun tukwane, ya cika su da baƙar ƙasa da kashin awaki, ya jera su a kan wani ɗan tudu da ya tara a tsakar gida. Ruwan kuwa a kaina yake zuwa. Rijiyar nan, sai bijimin da ke jan igiya ya yi nisa kamar zai bar gari kafin guga ya leƙo. Ni in ɗauko, shi ya tsiyaya, sannan ya dubi maƙwabta ya ce, "Wanga aiki sai mai haƙuri."

Da shukar ta girma, tukwanen suka yi mata kaɗan, sai idonsa ya faɗa kan randata. Innata maginiyar tukwane ce, kuma wannan randar ce ta ƙarshe da ta gina kafin idanunta su mutu. Na ce masa ya taɓa duk abin da ya ga dama a ɗakin, ban da ita.

"Mi kika sani ga sha'anin tumatir?" in ji shi. "Madugu ya ce sai babban mazubi mai huda ga gindi."

"Maigida, kai mi ka sani? Miya ɗai ka lasa."

Na ɗauka magana ta mutu. Washegari na dawo daga rijiya na tarar da randar a kan tudunsa, cike da taki, ya huda gindinta da tsinin mashi. Na tsaya da tulu a ka, na rasa inda zan juye ruwan. Zuciyata ta ƙuna, amma ban yi kuka a gabansa ba, don bai kai ba.

Tumatirin ya yi fure, har ya fara 'ya'ya. Sai ganyen ƙasa ya soma yin rawaya. Masanin namu ya zagaya shi yana dubawa kamar mai tayin saniya a kasuwa, ya yanke hukunci: ramewa ce, kanwa yake so. Abin da yake ba shanunsa ke nan in sun rame. Ya jiƙa kanwa a ƙwarya, ya ƙara da gishirin Bilma don karamci, ya shayar da su kaf. Ba a jima ba suka langaɓe, suka bushe ƙurmus. Ya ce bakin maƙwabta ne ya kama su. Ko ƙwaya ɗaya ba mu ɗanɗana ba.

Na zubar da takin, na wanke randar, na toshe hudar da ƙaro da tsumma. Tana riƙe ruwa, amma kullum gindinta a jiƙe.

Da kaka ta yi, Inna ta zo ganina. Kamar yadda ta saba, ta lalubi bango har ta kai wurin randar, ta shafa wuyanta, ta gangara da tafin hannu bisa cikinta. Ina tsaye ina kallo har yatsanta ya taɓa tsumman. Maigida yana bakin ƙofa, nan take ya sami abin dubawa a jikin takalminsa.

Inna ta daɗe da yatsanta a wurin. Sannan ta ce, "Ɗiyata, da an hwaɗa mini tun ina gani, da na gina mishi mai huda."