Manhajar da Ta Yarda Ta Biya Mamaci

Gidan burodi gare ni a Ƙaraye, gadon mahaifina: tanderu biyu da wata tsohuwar mota mai kai kaya Rogo da ƙauyukan hanya. Tun zamanin tsoho hannu da hannu muke biyan albashi. Da tsabar kuɗi ta yi wuya, sai ma'aikata suka ce su dai a riƙa tura musu ta banki. Na ce ba komai. Ashe da komai! Ka zauna kana dannawa ɗaya bayan ɗaya, sabis ya ɗauke a tsakiya, ka rasa wa ya samu wa bai samu ba, ga mutane sun tsare ka da ido.

Taubashiyata, 'yar kawuna, akanta ce a Kano. Ta zo gida hutu ta tarar da ni ina wannan fama, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Bawan gidanmu, kai har yau a kan jaki kake? Akwai manhajar biyan albashi. Ka zuba sunaye sau ɗaya, ƙarshen wata ka danna, kowa ya ji alat."

Na ce, "Baiwa ba ta koya wa ubangijinta sana'a. Amma dai nuna mini."

Ta saukar mini da guda uku a waya, kowace da gwajin kyauta. Gaskiya abin ya shiga raina. Ni mutum ne mai son buɗe cikin abu. Rediyon tsoho ma sai da na kwance ta ina yaro don in ga masu maganar. Da rana in ciniki ya lafa sai in zauna a kan buhun fulawa ina latse-latse, ina mamakin tambayoyinsu. Wai wane sashe ma'aikaci yake? To wanda ke yanka burodi shi ke wanke gwangwanaye, shi ke raka mota ran kasuwa. Wane sashe ke nan? Wai ƙarfe nawa ake tashi? A gidan burodi ai ƙullu ne ke tashi, mu sai in wuta ta sallame mu. Na riƙa tunanin mutumin da ya ƙera abin nan: ko ya taɓa ganin ma'aikacin da ke ɓacewa da damina ya tafi gona, kaka ta yi ya dawo ya ɗau aikinsa ba wanda ya ce masa daga ina?

Ina cikin wannan wasa Allah ya yi wa Baba mai gashin burodi rasuwa, bayan gajeriyar jinya. Mutumin Tudun Kaya ne, shi ke bakin tanderu tun ina zuwa da allona a hammata. Mutuwarsa ta dake ni ƙwarai.

Mahaifina yana da wata ƙa'ida da na gada tare da tanderun. In ma'aikaci ya rasu, albashinsa ba ya tsayawa sai matarsa ta fita takaba. Mai takaba ba ta fita nema, kuma wanda ya ci gumin mijinta shi ya kamata ya tsaya. Kuma ba a kiran abin taimako, ba a kiransa sadaka. Albashin mamacin ne, da sunansa yake tafiya.

Ga Inna, matar Baba, wannan suna shi ne komai. Bafulatana ce mai tsananin fulako. Matata da wasu mata sun je gaisuwa da ɗan abin hasafi a ƙulle, Inna ta yi godiya ta yi addu'a, da za su taho sai ta cusa ƙullin a ƙasan kwaryar nonon da ta ba su tsaraba. A gida muka gan shi. Na tabbata in ta ji ƙanshin taimako, za ta kwana da yunwa ita da 'yar autarta, ba mai ji.

Na je shawara wajen kawuna, na ce to a tura asusun Baba mana, kamar yana nan. Kawuna ya girgiza kai. Duk abin da ya faɗa asusun mamaci ya shiga lissafin gado, sai an zauna an raba, kuma rabon gado ba ya sauri. Sai na gane abin da nake nema: suna nasa, asusu nata. Inna tana da ɗan asusu a wayarta, inda masu sayen nono ke tura mata.

Daga nan wasa ya ƙare, manhajojin nan suka shiga jarrabawa.

Ta farko, mai kyan fuska, shuɗiya shar, ta ce sunan asusu bai dace da sunan ma'aikaci ba. Na sake, ta sake. Na ce da ita, "Ke, na sani! Ni na sa!" Ko gezau.

Ta biyu ta fi wayo. Tana da gurbin da za ka zaɓi dalilin barin aiki, har da rasuwa. Na ji daɗi, na ce ga wadda ta san duniya. Ina dannawa sai ta dushe sunan Baba, ta fitar da shi daga jerin masu albashi, ta rubuto mini wata gaisuwar ta'aziyya da Turanci. Wallahi raina ya ɓaci. Ko sadakar bakwai ba a yi ba, ita har ta share wurin zamansa.

Taubashiyata ta ce a waya, "Kai ma da neman fitina. Sa Inna a matsayin ma'aikaciya mana, magana ta ƙare."

Na ce, "Akanta ba hankali! Wane aiki ta yi? Tana ganin sunanta ta san kyauta ce."

Sai ta ce, "Gaskiyarka, bawa. Yau ɗaya ka yi tunani. Gwada ta ukun."

Ta ukun ita ce na raina tun farko. Ba ado, rubutu ƙanana, ga nauyin buɗewa kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma. Amma ba ta da shisshigi. Gurbin suna daban, gurbin asusu daban, ba ta tambaye ni dangantakarsu ba. A ƙasa kuma akwai wurin da kake rubuta abin da zai fito a saƙon. Na rubuta da Hausa: albashin wane, na watan kaza. Na sa cikakken sunan Baba. Ita na biya wa kuɗin wata, ita nake amfani da ita har yau, duk da takan sa ni tsaki.

Ƙarshen wata na danna, na zauna ina jiran a dawo mini da kuɗi ta hannun wani. Shiru. Wata na biyu ma shiru. Matata ta je ta ga tukunya a kan murhu, ta dawo ta ce mini, "Ta karɓa." Na yi hamdala. Amma son sani bai bar ni ba. Inna ba ta yi boko ba. Wa ke karanta mata? Me ta ɗauki abin?

Da ta fita takaba na je Tudun Kaya da kaina, don ƙa'idar tsoho ta ce a faɗa da baki cewa an kai ƙarshe. Aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida. Muka gaisa, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ya shanu, ya yara. Na yi ta kewaye-kewaye, ita ta taimake ni.

"Na sani, Alhaji. Na wannan watan shi ne na ƙarshe. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya saka maka."

Na ce, "Amin, Inna. Amma wa ke karanta miki saƙon?"

Ta ce auta ce. Sai dai in ta zo kan sunan takan tsallake, don ba ta iya faɗin sunan ubanta. Inna ta sa ta nuna mata da yatsa daidai wurin da ta tsallake, har ta riƙe kamanninsa.

"Ni ma ai ban taɓa faɗinsa ba," in ji ta. "Tun da aka kawo ni gidan nan, kunya ba ta bar bakina ya kama shi ba. Ban san haka yake a rubuce ba. Gajere ne ashe."

Ta juya wayar a hannunta, sannan ta yi tambayar da na ga alama ta daɗe tana ajiye da ita.

"In kun cire shi a wajenku, waɗannan saƙonni da suka riga suka shigo, su ma gogewa za su yi?"

Duk latse-latsen da na yi, wannan ban sani ba. Na kira taubashiyata nan take na maimaita mata. Karon farko a rayuwarta ba ta tsokane ni ba. Ta ce, "Yaya, ce mata ba abin da zai taɓa su."

Na faɗa wa Inna. Ta gyaɗa kai, ta ƙulle wayar a bakin zanenta.

"To, ku cire shi."