Hoton da Ya Ƙi Wankuwa

Duk layin ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Kar-Ka-Motsa ake ce masa, don shekara arba'in da 'yan kai maganar da ta fi fita daga bakinsa ke nan. Shagon hotonsa yana tsakanin na tela da na mai gyaran agogo. A ɗakin gaba akwai labule mai zanen bene da wani tafki da ba wanda ya taɓa ganin irinsa, da kujera mai hannu, da furen roba, da tarho wanda ba a haɗa shi da komai ba. Rabin mutanen unguwar sun taɓa kara wannan tarhon a kunne suna murmushi, kai ka ce da gaske wani ke gaishe su a ciki.

Ɗakin ciki shi ne ɗakin duhu, mai jan ƙwan fitila guda da warin magani da ke bin tufafi har gida. Nan ne ransa yake. Zai saka farar takarda fat a cikin tasa, ya riƙa jijjiga ruwan a hankali, sai mutum ya fara fitowa. Yakan ce ido ne ke fara zuwa, sannan gira, sannan sauran fuska ta biyo. In hoton ya bushe sai ya ɗauki fensirinsa mai tsini ya share ƙurji, ya cike giɓi, ya miƙe ɗankwalin da ya karkace. Mummuna bai taɓa fita daga shagon nan ba, ko da kuwa a haka ya shigo.

Mutum ɗaya ce ta gagare shi, matarsa. Inna yaran ke ce mata, shi ma ya bi bakinsu. Tun suna da ƙuruciya yake lallaɓa ta ta zauna a kujerar nan, ita kuwa amsarta ɗaya.

"Ban shirya ba. Ka bari sai ranar da na shirya."

In ya matsa sai ta ce, "Kai da kake ganina safe da yamma, me za ka yi da takarda?"

Hotonta ɗaya tak a duniya shi ne na katin shaida, wanda wani ma'aikaci ya ɗauka a gurguje, ta fito a ciki ta sha toka kamar an kama ta da laifi. Shi kam bai taɓa lissafa shi cikin hotuna ba.

Da zamanin fim ya shuɗe, ya koma kwamfuta yana ƙunƙuni. Ya koyi manhajar gyaran hoto da yatsa ɗaya, ɗakin duhu kuma ya zama ma'ajiyar kwalaye, amma bai yarda an cire jan ƙwan ba. Ana nan sai Auta, 'yarsa da ke aiki a wani gari, ta kawo masa tsarabar kyamara sabuwa dal, wadda ko wata biyu ba ta yi da fitowa kasuwa ba. Ta nuna masa cewa tana iya ajiye hoto ɗanye, yadda haske ya shiga, sai an kai shi kwamfuta a fito da shi.

"Ashe nagatif ɗin fim ne ya sake suna ya dawo," in ji shi, bakinsa har kunne. "Bar mini ita a kan ɗanyen."

Washegari da hantsi ya fita tsakar gida yana gwaji. Da yake bai taɓa yarda na'ura ta auna masa haske ba, da hannunsa ya saita ta daidai da ranar da ke waje. Yana shigowa ɗaki ya tarar da Inna a bakin taga tana ninke wanki, haske duk a bayanta. Ya ɗaga, ya danna.

"Ka ɗauka? Malam, ka goge. Ban shirya ba."

Ya duba ɗan gilashin bayan kyamarar. Taga ce fara ƙal, a tsakiyarta wata baƙar inuwa mai siffar mutum.

"Kwantar da hankalinki, bai ma fito ba."

Ya yi niyyar gogewa, tela ya kira shi a waya, ya manta. Bayan mako uku zazzaɓi ya kwantar da Inna, kwana huɗu Allah ya karɓi abarsa.

Sai da gida ya yi shiru, masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, sannan inuwar nan ta faɗo masa a rai. Ya tafi shago ya saka katin kyamarar a kwamfuta. Manhajar da suka shekara goma tare ta ce ba ta san wannan irin fayil ba. Ya sake, ta sake. Ya aika aka kira mai gyaran kwamfuta na bakin titi, wani magidanci mai haƙuri.

"Baba, hoton bai lalace ba. Kyamarar ce ta yi sabunta da yawa, manhajarka ba ta iya yarenta ba tukuna. Sai masu ita sun saki sabon zubi."

"Yaushe?"

"Wata ɗaya, wata uku, ba mai iya ce maka."

"In sun saki, fuskar za ta fito?"

Mai gyara ya sosa ƙeya. "A ɗanyen hoto, wani lokaci abin da ido ke gani baƙi akwai abu kwance a ciki. Wani lokaci kuma babu komai. Ka ba ni katin in je in gwada a wani wuri."

Nan fa ya taɓo inda ba a taɓawa. A sana'ar Kar-Ka-Motsa ba a miƙa wa kowa fim ɗin da ba a wanke ba. Ya zare katin, ya jefa shi cikin tsohon baƙin gwangwanin fim, ya rufe gam, ya kai ɗakin duhu. Mai gyara ya yi ta rantse masa cewa haske ba ya ƙona kati, ya yi kunnen uwar shegu da shi. Taurin kai ne, ba shakka, amma ni ban ga laifin mutumin da abu ɗaya ya rage masa ba.

Kullum da safe sai ya bi ta bakin titi ya tambaya ko sabon zubin ya zo. Har tela ya fara tsokanarsa wai yana jiran baƙo daga ƙasar waje. Yakan yi dariya, amma tsoro ne fal cikinsa, kuma bai gaya wa kowa ba. Shi da zai ga dattijo a hanya ya tuna da wace riga ya zo ɗaukar fasfo shekara talatin baya, yanzu in ya rufe ido yana neman Inna, fuskar katin shaidar nan ce ke zuwa masa. Muryarta tana nan, tafiyarta tana nan, fuskar ce ke zamewa.

A wata na uku, ranar da Auta ta zo duba shi, mai gyara ya leƙo ya ce ya zo. Ya saka sabon zubin, ya yi sallama ya ba su wuri. Tsohon ya rufe ƙofar shago, ya ja labule, da rana tsaka. Auta ba ta tambaye shi dalili ba. Ya ɗauko gwangwanin, ya buɗe, ya miƙa mata katin ta saka da kanta.

Hoton ya buɗe. Farar taga, baƙar inuwa.

"A hankali," ya ce mata. "Kar ki yi gaggawa."

Ta kama linzamin kwamfutar ta fara jan hasken inuwa kaɗan-kaɗan. Baƙin ya koma toka-toka. Can sai ga ɗigo biyu suna ƙyalli.

"Ido ne ke fara zuwa," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Gira ta biyo, sai kumatu. Ashe dariya take yi. Bakinta a buɗe, faɗan yana kan harshenta, hannu ɗaya a sama riƙe da rigarsa da ba ta gama ninkewa ba, ɗankwalin ya zame baya, furfura ta leƙo. Kuma shi take kallo, irin kallon da ba ta taɓa yi wa kowa ba sai shi.

Auta ta share ƙwalla da bayan hannu. Sannan ta ce, "Baba, in gyara mata ɗankwalin? Ka san ba za ta so a gan ta haka ba."

Mutumin da ya shekara arba'in yana miƙe ɗankwalin matan mutane ya ɗora hannunsa a kan nata, ya tsayar da linzamin. Idonsa bai bar fuskar ba.

"Kar ki motsa," in ji shi.