Zuwa Funtuwa da Ɗana Mai Ɗaukar Ruwan Gayya

Ana sallame sallar asuba muka bar Malumfashi, ni da babban ɗana, kafin maƙwabta su fito su fara tambayar ina za mu. Shekararsa sha shida, amma muryarsa ta yara ce, ga shi ɗan tsurut. A gayyar noman unguwarmu, wanda ya balaga ake yanka wa kunya tare da samari, yara kuwa ɗaukar ruwa ne aikinsu. Bana sa'o'insa duk sun karɓi garma, shi aka miƙa masa jarka. Tun ranar ya daina fita, ni kuma barcina ya ragu. Tsorona kada ya tabbata a haka.

Motar da muka samu ta fi ni shekaru, kuɗinta ne kawai na zamani. Mutum huɗu a kujerar uku, kuma yaron mota ya dubi ɗana ya ce in ɗora ƙaramin a cinya. Na biya masa kujera. Masara ta yi kyau hagu da dama har Bakori, inda muka tsaya na sayi ƙosai mai zafi. Ni na cinye abina, shi ko taɓawa bai yi ba.

A asibitin Funtuwa muka yi zaman benci har hantsi ya dubi ludayi. Likitan ya fitar da ni ya duba yaron, sannan ya kira ni. Ya ce akwai wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ita ke aika saƙo ta cikin jini zuwa 'ya'yan maraina, su kuma su fitar da sinadarin da ke buɗe murya, ya kawo gashi da ƙarfin jiki. Maraina ke fara girma, murya da gemu daga baya suke zuwa. Mu kuwa a gida haɓa muke ta leƙe.

Na gaya masa wani mai kemis ya ce zai yi wa yaron allurar maza. Fuskarsa ta sauya. "Alhaji, kada ka yarda. In aka yi ta barkatai, ƙashinsa zai iya rufewa tsawonsa ya tsaya nan." Ni kuwa da saura kaɗan in amince wa mai kemis ɗin.

Ya ce ya ga alamar abin ya fara motsi, amma sai an gwada jini an ɗauki hoton ƙashin hannu kafin ya tabbatar. Wasu makara ce kawai, ta gado. Wasu kuma saƙon ne ba ya fita, sai an yi magani. Ya tambaya ko akwai wanda ya makara a danginmu. Na ce babu, ni da wuri na yi gemu. Na so ƙwarai a ce akwai.

Aka ɗebi jini, aka ce mu dawo. A hanyar komawa ko masarar ban gani ba. Abin da na koyo dai, irin wannan damuwa likita ake kai wa, kuma da wuri.

Da la'asar muka shiga gida. Mahaifiyata na tankaɗe a tsakar gida, na zayyana mata komai, har tambayar gadon. Ta ajiye rariya.

"Ka ce masa babu? To marigayi fa?"

Mahaifina take nufi, ƙaton mutum mai gemu har ƙirji, wanda ya yi sarkin noma.

"Jarka ma babu a lokacin, tulu ya yi ta ɗauka har ana cewa ba zai yi aure ba." Ta juya ga jikanta. "Kai kuma angona, ka bar ɓata min rai."

Har yanzu sakamakon jini bai fito ba. Amma yaron ya matsa kusa da ita ya zauna, ya ce, "Inna, shi Kaka wa ya fara ba shi garma?"