Kwamfutar Malam da Kwanukana

Wai me na'urar nan take yi? Malam ya rasu, na fita takaba, har yau ban samu amsa ba. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya tsaya gabanta ya tambaye ni, ni kuwa sai hawaye.

Ku da kuka san shi a Titin Koudoukou yana gyaran rediyo kun san halinsa. Ba ya taɓa abu sai ya hura masa iska, fuu, ko waya ce ko goro. Ni kaina ran da aka kawo ni gidansa, sai da ya hura wa kujera kafin na zauna.

Da ido ya fara rauni ya rufe shago, wani direba ya kawo masa ƙunshi daga Duwala. Allo ne kore kamar tafin hannu biyu, da wasu baƙaƙen abubuwa masu ƙafafu kamar kyankyasai. Ya ce kwamfuta zai haɗa, irin ta da can, wadda mutum ke gina ta da hannunsa yana ƙara mata gaɓoɓi. Direban ya karanta masa kwalin da Faransanci, ya ce an rubuta na 'yan koyo ne.

"Ni ne ɗan koyo?" in ji Malam. "Ina liƙa dalma ubanka bai yi kaciya ba!"

Ran nan ƙarfen liƙi ya babbake masa rabin gemu. Ya ce da ma yana shirin rage shi.

Akwatin da za a saka allon ciki fa, ya ce ba zai saya ba. Na dawo daga kasuwa wata rana na tarar da farantin jerena, wanda innata ta taho da shi tun daga ƙasar Hausa, an huda shi wuri huɗu an ɗaure allon a kai.

Na ce, "Innalillahi! Malam, kayan ɗakina?"

Ya ce, "Ladi, shekara nawa yana jingine a bango bai yi aikin komai ba? Na sama masa sana'a."

Abin bai tsaya nan ba, don allon yana da gurabe a jere, kowanne na jiran ƙari. Ya ƙara mata ƙwaƙwalwar ajiya, langata ta tafi. Ya ƙara mata abin ƙara, murfin samira ya bi. Na koma ɓoye kwanuka a ƙarƙashin gado, shi kuma ya koma shara da sassafe, mutumin da bai taɓa riƙe tsintsiya ba.

Da ta fara aiki ya tara maƙwabta bayan la'asar, ya jona ta da tsohuwar talabijin. Wasu korayen haruffa suka fito suna ƙifta ido. Wai sunansa ne. Alhaji Isa mai atamfa ya zaro waya ya ce, "Haba Malam, wannan 'yar ƙaramar har Ka'aba take nuna mini."

Malam ya ce, "In ta mutu ka san inda ke mata ciwo? Tawa kowace jijiya ni na ɗinka."

Bai rufe baki ba aka ɗauke wuta. Ya dubi Alhaji ya ce, "Ka gani? Ba ta son surutu."

Lokacin tashin hankali, da unguwa ta zama kurkuku, maƙwabta suka hau manyan motoci suka nufi Kamaru. Alhaji Isa ya roƙe mu mu bi su. Malam ya ce girgizar hanya za ta kwance liƙin. Muka zauna mu biyu, ana harbi a waje, yana hura wa allo iska. Ban ƙara ganin Alhaji Isa ba, can ƙasa ta rufe shi.

Yanzu ɗanmu Babangida ya zo daga Garwa zai tafi da ni. Ya ce mota ba ta da wurin tarkace, a kira masu sayen ƙarafa daga unguwar Yakite su ɗora kwamfutar a sikeli, ko in cire kwanukana a zubar da sauran. Na ce kwanon da aka huda me zai riƙe? In babu wurinta, babu nawa. Ya yi fushi, ya fita neman kwali babba. A cinyata za ta zauna har Garwa, in liƙin ya kwance ya kwance a hannuna.

Allah ya jiƙan Malam, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa masa hasken da ba a ɗaukewa.

Babangida bai san cewa uban ya riga ya ba ni izinin abin da na ƙi yi ba. Da safen da Malam ya cika, ina shafa masa ruwa a goshi, ya juya ido wajen teburin da kwamfutar take kai, ya daɗe yana kallo. Sannan ya riƙe yatsana ya ce:

"Ladi, in ta tsare miki wuri, ki kwance kayanki. Na gode da aro."